Fulawar da ka shuka don ado za ta iya kashe magenka

Akwai wata magana da nake yawan ji a bakin masu kiwon kare da mage, wai ai dabba ta san abin da zai cutar da ita, ba za ta taɓa kai bakinta kan guba da kanta ba. Jama'a wannan maganar ba gaskiya ba ce. Kwikwiyon da haƙori ke yi wa ƙaiƙayi duk abin da ya gani tauna yake, takalmi ne, wayar caja ce, igiyar shanya ce, balle reshen fulawa mai laushi da ke daidai tsayin bakinsa. Mage kuwa ko ba ta ci komai ba ai wuni take tana lasar jikinta, duk abin da ya maƙale a gashinta cikinta zai ƙare. Sannan yawancin fulawowin da muke ƙawata gida da su ba 'yan wuri ɗaya ba ne, wannan asalinta Japan, waccan Kudancin Amurka, wata daga gaɓar tekun Bahar Rum, duk an tattaro su an jera a tsakar gida ɗaya, to ta ina dabbar za ta san su?

In ka shiga intanet ka bincika za ka ga jerin sunaye har ka gaji. Ƙungiyar ASPCA ta Amurka, wadda aka kafa tun 1866 don hana cutar da dabbobi, tana da jerin da ya ƙunshi ɗaruruwan shuke-shuke masu illa ga kare da mage, kuma jeri ne mai amfani sosai, amma wanda ya karanta shi a karon farko sai gabansa ya faɗi ya ji kamar ya ɗauko fartanya ya tuge komai, ko kuma ya ce tunda komai guba ne to shi kenan a bar wa Allah. Duka biyun kuskure ne. Shukokin nan ba ɗaya suke ba ko kaɗan. Ni yadda na fahimci abin, kashi biyu ne, akwai masu ihu akwai masu shiru, kuma masu shirun su ne abin tsoro.

Masu ihun su ne irin su difinbakiya, wannan mai faffaɗan ganye kore da zane-zanen fari da ake ajiyewa a falo, da filodendiron, da fotos mai yaɗo, da kaladiyum. A cikin ganyensu akwai wasu ƙananan ƙwayoyin sinadarin kalsiyam oksalet masu siffar allura, ido ba ya ganinsu, da zarar dabba ta gatsa sai su soke mata harshe da leɓe. Nan take za ka ga kare ya ja da baya yana girgiza kai, miyau na dalala, yana sa ƙafar gaba yana gogar bakinsa, wani har kuka yake. Abin akwai tausayi wallahi, amma wannan zafin shi ne yake cetonsa, don ba zai ƙara gatsa ta biyu ba. Ka goge masa baki da tsumma mai ruwa, ka ba shi ruwa mai sanyi ya sha, yawanci cikin awanni abin zai lafa. Abin da kawai za ka sa wa ido shi ne numfashi, in harshe ko maƙogwaro ya kumbura har numfashi na neman gagara to wannan sai asibiti. Haka dangin tinya da aguwa masu fitar da farin ruwa in an karya su, ruwan yana ƙona baki da fata, in ya shiga ido kuma ya fi muni, a wanke idon da ruwa mai yawa a kai wa likita ya duba. Alobera gudawa take sawa. Fonsetiya, fulawar nan mai jajayen ganye a samanta, da aka daɗe ana tsorata mutane da ita, gaskiya sunanta ya fi aikinta, ɗan amai ne da dalalar miyau.

To mu zo kan masu shiru, kuma dole in fara da lili, don in kana da mage babu shukar da ta kai ta haɗari. Ina nufin ainihin lili, wadda masana ke kira Lilium, mai dogon kara da manyan furanni masu ƙamshi da ake yawan sawa a cikin ƙunshin fulawar kyauta, da 'yar'uwarta Hemerocallis wadda furenta ke buɗewa ya yi kwana ɗaya ya bushe. Komai nata guba ne ga mage, ganye, kara, fure, garin furen nan ruwan ɗorawa da ke zuba in an taɓa, har ruwan kwalbar da aka tsoma karan a ciki. Ba sai ta ci da yawa ba, guntun ganye ya isa. Wata ƙawar gidanmu aka kawo wa ƙunshin fulawa ta ajiye a kan tebur, magenta ta hau ta shinshina ta goga ƙirjinta a jiki ta sauka, farar mage ce sai ga garin nan ya ɓata mata gashin wuya da gefen baki, ta koma gefe ta zauna tana lashewa a hankali kamar yadda ta saba, ko ganye ɗaya ba ta gatsa ba. Da yamma ta yi amai sau biyu ta ƙi abinci. Allah ya sa matar ta taɓa jin labarin lili, a daren ta ɗauke ta sai asibitin dabbobi, aka wanke mata jiki aka ɗaura mata ƙarin ruwa, ta yi kwanaki a can ta dawo da ƙafarta. Da ta ce bari mu gani zuwa gobe da labarin ya canza.

Ga yadda abin yake tafiya, ku lura da kyau don nan ne mutane ke ruɗuwa. A awanni 12 na farko mage za ta yi amai, miyau ya zuba, ta kwanta lakwas ta ƙi cin abinci. Daga nan sai aman ya tsaya, kai kuma sai hankalinka ya kwanta ka ce ai ta amayar da abin ta warke, alhali a daidai lokacin nan ne gubar take cin ƙodarta. Tsakanin awa 12 zuwa 24 za ta riƙa yawan fitsari, jikinta ya bushe, daga baya fitsarin ya ɗauke gaba ɗaya, cikin awa 24 zuwa 72 ƙoda ta tsaya. Likitocin dabbobi sun yi ittifaƙi cewa in aka fara ƙarin ruwa kafin a cika awa 18 da cin abin akwai kyakkyawan fata, in aka wuce haka yawanci ƙodar ba ta dawowa. Awa 18 fa, ko kwana ɗaya bai cika ba. Shi kare in ya ci lili ɓacin ciki kawai yake yi, mage ce abin ke kashewa. Kuma a kula, akwai shukokin da ake laƙaba wa sunan lili amma ba su ba ne, irin su Spathiphyllum mai farin fure guda da ake ajiyewa a ɗaki, da kuma wadda ake kira kala lili, waɗannan 'yan rukunin masu ƙona baki ne. In ba ka tabbatar wacce ce a gabanka ba ka ɗauka mai kisan ce har sai likita ya ce maka a'a. Ra'ayina dai a nan ba shi da kwana-kwana, gidan da ke da mage bai kamata lili ta shigo shi ba, ko a tukunya ko a kwalba, kuma kar wani ya ce zai ɗora a saman kabad, wane saman kabad ne mage ba ta hawa?

Sai masu taɓa zuciya. Babbarsu oliyanda, Nerium oleander, wannan mai siririn dogon ganye mai kauri da fure ruwan hoda ko fari ko ja, ana sonta ne saboda ba ta jin rana ba ta jin fari, shi ya sa za ka gan ta a bakin titi da jikin katanga a ƙasashe masu zafi ko'ina a duniya. Akwai 'yar'uwarta mai fure ruwan ɗorawa da ke yin wasu 'ya'ya masu ƙwallo a ciki, kare na son wasa da su in sun zubo. Sai kariya, Adenium obesum, mai kumburarren gindi da jan fure mai kyau, wadda yanzu ta zama abin yayi a wajen masu tara fulawar tukunya, ita fa da ruwanta mafarauta a sassan Afirka suke haɗa dafin kibiya tun da. Tumfafiya ma da ke fitowa da kanta a kango tana cikinsu. Duk waɗannan sinadari iri ɗaya suke ɗauke da shi, yana shiga ya dagula yadda sodiyam da fotasiyam ke shiga da fita a ƙwayoyin tsokar zuciya, sai bugun ya rikice, ya yi sauri ya yi jinkiri ya tsallake, dabba ta yi amai ta yi gudawa jiki ya yi sanyi tana tafiya tana layi, wata kawai faɗuwa za ta yi. Irin wannan sinadarin ne a cikin fulawar Digitalis ta ƙasashen sanyi, wadda wani likitan Ingila William Withering ya yi bayanin amfaninta a 1785, kuma daga danginta ake samo maganin zuciya na digoksin da ake ba mutane har yau, awo ne ya raba maganin da gubar, shi kuma kare da ke tauna reshe ba awo yake yi ba. Abin da ya fi damuna da oliyanda shi ne bushewa ba ta kashe gubarta. Mutum zai yi wa shukar aski ya tara rassan a gefe ya ce gobe a kwashe, ganyen ya bushe ɗacinsa ya ragu, kwikwiyo ya zo ya kwanta a kai yana gaigaya. Kuma ba a ƙona ta, hayaƙin ma illa ne ga mutum da dabba, a ɗaure a buhu a fitar.

Na karnuka kuwa babu kamar saikas, Cycas revoluta, wanda wasu ke kira dabinon sago duk da ba dabino ba ne. Gajere ne mai kaurin gindi, ganyensa kore shar mai sheƙi da tauri ya bazu a zagaye, asalinsa kudancin Japan, ana sa shi a ƙofar gida da harabar otal, akwai ma ƙanana da ake sayarwa a tukunya don tebur. Macen tana yin 'ya'ya ja-ja masu ruwan lemo a tsakiyarta, su ne suka fi guba, kuma abin takaici karnuka suna son su, za ka ji ƙas ƙas yana fasa ƙwallon da turamen haƙoransa yana kaɗa wutsiya. Gubar sunanta saikasin, hanta take bi. Amai zai iya farawa cikin mintuna ko 'yan awanni, amma ainihin ɓarnar sai bayan kwana 2 zuwa 3 take bayyana, ido da dasashi su yi ɗorawa, ciki ya kumbura, kashi ya koma baƙi saboda jini, jini ya ƙi daskarewa tunda hanta ce ke haɗa abin da ke daskarar da shi. Ƙwallo ɗaya ko biyu sun isa su kashe kare, kuma ko da an kai asibiti da yawansu ba sa tsira. Shuka ce mai kyau ba musu, amma ni in da kare a gida ba zan ajiye ta ba.

Akwai kuma masu guba a cikin iri. Zurma ce kan gaba, wasu na shuka mai jan ganyen don ado, wasu kuma ita ke fitowa da kanta a bayan gida. A cikin irinta akwai risin, gubar da ke hana ƙwayoyin jiki haɗa furotin, da ita aka kashe Georgi Markov marubuci ɗan Bulgeriya a Landan a 1978. In dabba ta haɗiye irin da ɓawonsa bai fashe ba yana iya fita ta kashi ba tare da ya yi komai ba, tauna ce ke sakin gubar, kuma alamun kan ɗauki awanni masu yawa har fiye da yini kafin su fito, amai da gudawar jini da ƙishirwa mai tsanani. Shi man zurma babu risin a cikinsa, a tunkuzar take zama bayan an matse, ita kuma tunkuzar ana haɗa takin fulawa da ita a wasu wurare, karnuka sun mutu ta wannan hanyar, don haka a riƙa karanta abin da aka rubuta a jikin buhun taki. Idon zakara, wannan ɗan jan iri mai ɗigon baƙi, gubarsa abrin ta ma fi risin ƙarfi. 'Ya'yan bi-ni-da-zugu da ake shinge da shi suna sa amai da gudawa mai galabaitarwa. Zaƙami da danginsa masu fure kamar kakaki a rataye ƙwaƙwalwa suke taɓawa, ƙwayar ido ta buɗe wangwam, baki ya bushe, zuciya ta yi ta gudu, dabbar ta rikice ba ta gane mai ita. Masu kai kamar na albasa a cikin ƙasa kuma irin su dafodil da tulif da amarilis, gubar ta fi taruwa a cikin kan nan, kare mai son tono shi ke gamuwa da su.

Ɓangaren kayan lambu mutane ba sa kawo shi a rai sam, tunda abin da mu muke ci ne. Albasa da tafarnuwa da duk danginsu suna fasa jajayen ƙwayoyin jinin kare da mage, ɗanya ce ko dafaffiya ko busasshiya duk ɗaya. Mage ta fi rauni, kamar giram 5 a kan kowane kilo na nauyinta ya isa ya fara ɓarna, wato mage mai kilo 4 giram 20 kacal, kare kuma tsakanin giram 15 zuwa 30 a kan kilo, sai dai karnukan Japan irin su Akita da Shiba sun fi sauran saurin kamuwa. Wannan ma mai shiru ce, sai bayan kwanaki ka ga dabba na haki ba ta yi gudu ba, ka ɗaga leɓenta ka ga dasashi ya yi fari fat, fitsari ya yi duhu. Inabi kuma ƙodar kare yake tsayarwa, ɗanye da busasshe, an daɗe ana mamakin dalili, sai a 2021 likitocin cibiyar guba ta ASPCA suka nuna cewa alamu sun fi karkata ga sinadarin tatarik asid, wanda yawansa ke bambanta daga inabi zuwa inabi, shi ya sa wani kare zai ci ya kwana lafiya wani ya ci kaɗan ya kwanta. Tsamiya ma na da wannan sinadarin da yawa, mai bishiyarta a gida ya riƙa share wadda ta zubo.

To in abin ya faru me za a yi? Farko cire abin da ya rage a bakin dabbar, in garin fure ne a jikin mage a wanke shi da ruwa kafin ta ƙara lasa. Ka ɗauki hoton shukar da wayarka, ganye da fure da 'ya'ya, ka yanki reshe ka sa a leda, in ta yi amai ka ɗebi aman ma ka tafi da shi, kar ka ji ƙyama, likita na iya gane abin da ta ci daga ciki. Ka riƙe lokacin da abin ya faru. Sannan ka tafi, kar ka zauna jiran alama, duk bayanin da na yi a sama abin da yake nunawa ke nan, lokacin da dabbar take kamar lafiyarta ƙalau shi ne lokacin da likita zai iya yin wani abu, ya sa ta amai da allura, ya ba ta gawayin asibiti da ke kama guba a hanji, ya ɗaura ƙarin ruwa ya auna jini. Shi wannan gawayin na musamman ne da aka sarrafa, ba na murhu ba.

Don Allah kar a ɗura wa dabba ruwan gishiri wai don ta yi amai, gishirin kansa na iya kashe ta, yana kumbura ƙwaƙwalwa. Kar a ɗura mata mai, in ta shaƙe ya gangara huhu an ƙara wata cutar a kan wata. Madara na iya ɗan sanyaya bakin da difinbakiya ta ƙona, iyakarta ke nan, ba ta karya gubar lili ko oliyanda ko saikas, ɓata lokaci ne kawai. Dabbar da ke jijjiga ko ta fita hayyacinta ba a sa mata komai a baki. Kuma kar a kuskura a ba mage farasitamol, hantarta ba ta da isasshen abin da ke narkar da shi, ƙwaya ɗaya na kashe ta, na sha jin mutane sun yi haka da kyakkyawar niyya saboda sun ga jikinta da zafi.

Ba cewa nake a daina shuka fulawa ba, ni kaina ina son ganin kore a gida kuma gida mai shuka ya fi daɗin zama ga dabbar ma. Wardi ba ta da guba, ƙayarta ce kawai abin lura. Fulawar bi-rana, ziniya, okid, ɗoɗɗoya, dabinon areka, duk ana iya zama da su lafiya. Mage mai yawan gaigayar ganye a shuka mata alkama ko sha'ir a ƙaramar tukunya, cikin mako guda zai fito, za ta fi mayar da hankali can. Kwikwiyo a ba shi abin taunawa nasa, a kuma rage barinsa shi kaɗai a lambu yana zaman kaɗaici, yawancin tone-tone da gaigaye-gaigayen nan rashin abin yi ne ke kawo su.

Abin da na fi so ku yi shi ne ku zagaya gidanku yau ku tsaya gaban kowace shuka ku tambayi kanku ko kun san sunanta. Wadda ba ku sani ba ku ɗauki hotonta, akwai manhajojin waya da ke gane shuka daga hoto, sukan yi kuskure don haka a haɗa da tambayar wanda ya san shuke-shuke, in an samu sunan Latin ɗin sai a duba shi a jerin ASPCA, don sunan kasuwa yakan canza daga wuri zuwa wuri amma na Latin ɗaya ne. A leƙa har rassan maƙwabta da suka tsallako katanga suna zubar da ganye da 'ya'ya a tsakar gida. Lambar likitan dabbobi mafi kusa kuma a sa ta a waya tun yanzu, a tambaye shi ko yana ɗauka da dare, in ba ya ɗauka a nemi ta wani a haɗa.